Teɓa ce ta rage sinadarin mazakuta, ko ƙarancinsa ne ya kawo teɓa?

Wani bawan Allah mai shekara 46, ma'aikacin ofis, ya rubuto cewa cikin shekara takwas nauyinsa ya tashi daga kilo 78 zuwa kilo 104, tsayinsa kuwa mita 1.72 ne. Teɓa ta fito masa sosai, yana fama da kasala da gyangyaɗin rana, sha'awarsa ga iyali kuma ta ragu. Ya je ɗakin gwaji da kansa bayan la'asar, aka auna masa sinadarin mazakuta, wato testosteron, aka samu 270 ng/dL (ma'aunin yawansa a cikin jini), sai wani abokinsa ya ce ƙarancin sinadarin ne ya sa shi ƙiba, ya ba shi shawarar ya fara yin allurarsa. Yana so ya san wanne ne ya haifi wanne, kuma ko allurar za ta rage masa teɓa. Ya ƙara da cewa shi da maiɗakinsa suna neman ƙarin haihuwa.

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Abokinka bai yi kuskure ba da ya ce akwai alaƙa tsakanin wannan sinadari da ƙiba, sai dai ya kifa maganar ne. A wurin mafi yawan mazan da suke zuwa asibiti da irin bayaninka, kitsen ne yake fara taruwa, sannan sinadarin ya biyo baya ya sauka, kuma idan kitsen ya ragu da gaske sinadarin yakan farfaɗo da kansa ba tare da an taɓa allura ba. Akwai waɗanda lamarinsu ya saɓa wa wannan, zan kuma zo kansu, amma yadda ka jero labarinka, ƙiba a hankali cikin shekaru sannan kasala da raguwar sha'awa, ya fi kama da na farkon.

Kusan duk testosteron ɗin da ke jikin namiji, wajen kashi 95 cikin 100, 'ya'yan maraina ne suke samar da shi, ɗan ragowar kuma daga wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda yake fitowa. Amma maraina ba su aiki sai da umarni. Wani sashe da ke ƙasan ƙwaƙwalwa yana aika saƙo ga wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ake kira fitiyutari, ita kuma ta saki wani sinadari mai suna LH cikin jini, shi ne ɗan aiken da yake zuwa ya tashi maraina su kama aiki. Ƙwaƙwalwa kuwa kullum tana ɗanɗana jinin, kamar yadda mai girki take ɗanɗana miya, in ta ji gishiri ya ji sai ta janye hannu. Abin lura shi ne, babban abin da take ɗanɗanawa ba testosteron ɗin kansa kaɗai ba ne, har da estirojin, wanda mutane suka fi sani da sinadarin mata alhali kowane namiji yana da nasa daidai gwargwado, kuma daga testosteron jikinsa yake ƙera shi.

A nan ne kitse yake shigowa. Mutane suna ɗaukar kitse a matsayin ajiya kawai, kamar buhun hatsi a rumbu, amma halitta ce mai aiki dare da rana. A cikinsa akwai wani sinadari mai suna aromatas wanda aikinsa shi ne juya testosteron ya koma estirojin, kuma gwargwadon yawan kitsen gwargwadon yawan juyawar. Idan ƙwaƙwalwa ta ɗanɗana ta ji estirojin, sai ta ɗauka komai ya wadata ta rage aika umarni, maraina kuma su yi sanyi, ba don sun lalace ba, sai don ba a ce su tashi ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa wasu maza masu ƙiba suke ganin nono ya ɗan fito musu. Shekaru da yawa wannan shi ne bayanin da aka fi koya wa ɗaliban likitanci, sai dai daga baya an lura cewa da yawa daga cikin masu ƙiba da ƙarancin testosteron estirojin ɗinsu bai hau ba, saboda haka aromatas ba shi kaɗai ne mai laifin ba. Kitsen cikin ciki, wanda ya naɗe hanji da hanta, yana sakin sinadaran kumburi cikin jini, yana sa jiki ya daina sauraren insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yana kuma cika jini da wani sinadari mai suna leptin har ƙwaƙwalwa ta daina jin maganarsa. Dukkan waɗannan suna dakushe wancan sashen ƙwaƙwalwa mai ba da umarni. Shi ya sa teɓa ta fi kitsen cinya ko na ɗuwawu ɓarna a wannan fanni.

Akwai kuma wata hanyar da ƙiba take rage lambar da ke kan takardar gwaji ba tare da ta rage abin da jiki yake amfani da shi daidai haka ba, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye. Testosteron ba ya yawo cikin jini shi kaɗai. Wajen kashi 2 cikin 100 ne kawai yake a sake, sauran duk a ɗaure yake da wasu sinadarai biyu masu dakonsa, ɗaya ana kiransa SHBG, wanda yake riƙe shi gam, ɗayan kuma albumin, wanda riƙonsa sako-sako ne. Hanta ce take ƙera SHBG, kuma hantar da kitse ya lulluɓe, ta kuma yi ta shan insulin mai yawa, takan rage ƙera shi. Gwajin da aka saba yi, wanda kusan tabbas shi aka yi maka, jimilla yake ƙirgawa, ɗaurarre da sakakke gaba ɗaya. Idan masu dakon suka ragu jimillar za ta faɗi, ko da sakakken, wanda shi ne mai shiga tsoka da ƙwaƙwalwa ya yi aiki, bai motsa sosai ba. A ƙiba matsakaiciya sau da yawa abin da ke faruwa ke nan, amma idan ƙibar ta yi tsanani sakakken ma yakan bi sahu ya sauka.

Gyangyaɗin ranar da ka ambata bai wuce ni ba. Ka tambayi maiɗakinka ko kana munshari mai ƙarfi, ko kuma tana jin numfashinka yana ɗaukewa sannan ka zabura ka ci gaba. Kitsen wuya yana matse maƙogwaro lokacin barci har mutum ya riƙa farkawa sau da dama cikin dare bai sani ba, testosteron kuwa cikin barci ake samar da mafi yawansa, shi ya sa ya fi yawa da sassafe. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a Jami'ar Shikago aka buga a 2011, an taƙaita barcin samari goma masu lafiya zuwa awa biyar a kowane dare na mako guda, sai sinadarin nasu na rana ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Mutumin da yake zama hira a majalisa ko kan waya har ƙarfe ɗaya na dare, ya tashi da asuba, ya wuce ofis, bai yi nisa da waɗannan samarin ba ko da ba ya munshari.

Girman tasirin ƙiba kuwa an auna shi. Binciken da ya bi maza fiye da dubu na yankin Boston a Amurka shekara da shekaru ya nuna cewa ƙaruwar maki 4 zuwa 5 a ma'aunin ƙiba na BMI tana rage testosteron kwatankwacin abin da tsufan shekara goma yake ragewa. Ana samun wannan ma'auni ne ta raba nauyi da tsayi, sannan a sake raba abin da aka samu da tsayin. Naka a kilo 78 ya ɗan haura 26, yanzu kuwa ya kai 35, wato ka hau wajen maki 9, kuma a lissafi na kusa-kusa ka ɗora wa jikinka abin da shekara ashirin za su ɗora masa ta wannan fuska. Wani babban bincike a ƙasashen Turai takwas, mai maza fiye da 3,000 'yan shekara 40 zuwa 79, ya tarar da abu guda: ƙiba ta fi shekaru ƙarfi wajen saukar da sinadarin, kuma da aka sake duba mutanen bayan wasu shekaru, waɗanda suka ƙara nauyi nasu ya sauka, waɗanda suka rage kuma nasu ya hau. Wannan binciken ne kuma ya nuna cewa waɗanda suke da ƙarancin na haƙiƙa, wato gwaji ya nuna kuma alamomin jima'i sun tabbatar, ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba sai da ɗan kaɗan.

Duk da haka abokinka yana da tasa hujjar, domin ƙarancin sinadarin shi ma yana tara kitse. An fi ganin haka a fili ga masu sankarar firostet, wannan halitta da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, waɗanda ake ba su maganin da yake kashe testosteron da gangan don a hana cutar yaɗuwa. Cikin shekara guda kitsen jikinsu yakan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin goma, tsokarsu ta ragu. A wani gwaji kuma da aka yi a Boston aka buga a 2013, an dakatar da sinadarin maza lafiyayyu 400 na ɗan lokaci, aka riƙa mayar musu da shi a ma'auni daban-daban, wasu kuma aka toshe musu juyawarsa zuwa estirojin. Sakamakon ya ba mutane da yawa mamaki, domin rashin testosteron ne ya rage tsoka da ƙarfi, amma taruwar kitse rashin estirojin ne ya fi jawo ta. Ka ga ke nan abin da'ira ce: kitse ya saukar da sinadari, tsoka ta ragu, kasala ta hana motsi, kitse ya ƙaru. Sai dai ƙarfin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Waɗancan marasa lafiyan an sauke nasu kusan zuwa sifili, amma ƙarin kitsen 'yan kilo ne kawai, don haka ɗan ƙarancin da aka gani a takardarka ba zai iya bayanin kilo 26 ba.

Ita kanta takardar, ban yarda a gina hukunci a kanta ba. An ɗauki jininka bayan la'asar, lokacin da sinadarin yake ƙasa a jikin kowa, kuma da wuya a ce ba ka ci abincin rana ba. An gwada an gani cewa shan ruwan sukari mai giram 75 yana iya sauke testosteron da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan sa'o'i. Ƙa'ida ita ce a ɗauki jinin da safe kafin ƙarfe goma, ba a ci komai ba, bayan barci mai kyau, ba kuma lokacin da mutum yake fama da zazzaɓin cizon sauro ko wata rashin lafiya ba, sannan a maimaita wata ranar. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta sa iyakarta a 300 ng/dL, ta likitocin sinadaran jiki kuma a 264, ka ga 270 ɗin da aka samu da yamma a bakin iyaka yake, kuma ba abin mamaki ba ne gwajin safe ya haura duka biyun. Idan gwajin safe sau biyu ya nuna ƙasa, sai a auna SHBG a lissafa sakakken, a auna LH da FSH (ɗan aiken fitiyutari na biyu, mai sa maraina su ƙera ƙwayoyin maniyyi) da furolaktin (shi ma fitiyutari ke fitar da shi, kuma yawansa yana danne testosteron), a duba sukari da kitsen jini da hawan jini.

Waɗannan ƙarin gwaje-gwajen su ne suke tace waɗanda matsalarsu ba ta teɓa ba ce. Idan LH ya hau sosai alhali testosteron yana ƙasa, ma'ana ƙwaƙwalwa tana ta kira maraina ba su amsawa, to ciwon a marainan yake, kamar wanda hangum ya sauka masa a can bayan ya balaga, ko ya yi rauni a wurin, ko aka haife shi da wata matsalar ƙwayoyin halitta. Idan kuma sinadarin ya faɗi ƙasa da 150, ko furolaktin ya hau, ko mutum yana yawan ciwon kai da raguwar ganin gefe, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa don a tabbatar ba ƙari ba ne ya fito a fitiyutari. Irin waɗannan su ne maganin testosteron yake wa amfani ba tare da gardama ba. Kada kuma ka ɓoye wa likita abin da kake sha. Tiramadol da kodin da danginsu suna danne umarnin ƙwaƙwalwa ƙwarai, haka ma deksametason da firedinisolon da wasu suke saye a kemis don ciwon gaɓɓai ko don su yi jiki, waɗannan na biyun ma su da kansu suke tara kitse a ciki da fuska.

Game da ko allurar za ta rage teɓa, an gwada wannan tambayar kai tsaye. A birnin Melbon na Ostireliya an ɗauki maza masu ƙiba 100 da sinadarinsu yake ƙasa, aka sa su duka a kan tsarin rage abinci, rabi ana yi musu allurar gaske, rabi ta bogi, tsawon shekara guda da 'yan makonni. A sakamakon da aka buga a 2016, masu allurar gaske sun fi zubar da kitse da wajen kilo 3 kuma tsokarsu ba ta zube ba, amma a kan sikeli bambancin ɓangarorin biyu bai taka kara ya karya ba, kuma da aka sake duba su bayan an daina allurar, ribar ta gushe. Wani gwaji mafi girma a ƙasar dai, mai maza 1,007 masu teɓa 'yan shekara 50 zuwa 74, wanda aka buga a 2021, ya nuna cewa bayan shekara biyu kashi 12 cikin 100 na masu allura ne aka samu da ciwon suga, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 21. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma fiye da ɗaya cikin biyar na masu allurar jininsu ya yi kauri har PCV ɗinsu, wato ma'aunin kaurin jini, ya haura kashi 54 cikin 100, matakin da ake tsoron gudan jini. Babban gwajin Amurka na 2023, mai maza sama da 5,000, ya kwantar da hankali cewa maganin bai ƙara bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba, sai dai an fi samun rikicewar bugawar zuciya da toshewar jijiyar huhu a cikin masu amfani da shi.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurinka shi ne maganar haihuwa. Idan aka zuba testosteron daga waje, ƙwaƙwalwa takan ɗanɗana ta ji ya yi yawa, sai ta tsayar da LH da FSH baki ɗaya, maraina su daina ƙera nasu, su kuma daina ƙera ƙwayoyin maniyyi, har su ɗan motse. Tasirin yana da ƙarfin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar mako-mako a matsayin hanyar tazarar haihuwa ta maza, aka buga sakamakon a 1990, kuma akasarin mazan da suka shiga gwajin ƙwayoyin maniyyinsu sun ɗauke gaba ɗaya cikin 'yan watanni. Yawanci sukan dawo bayan an daina, amma abin yakan ɗauki watanni har shekara ko fiye. Abin takaici ne a ga magidanci yana neman haihuwa, ana ta kai matarsa asibiti da gidajen masu magani, alhali allurar da yake yi a ɓoye don ƙarin ƙarfi ita ce ta rufe ƙofar. Muddin kuna neman haihuwa, wannan allura ba taka ba ce, ko da gwajin safe ya tabbatar da ƙaranci. Akwai wasu magungunan da suke tashin marainan su yi nasu aikin, amma wannan sai ƙwararren likita ya duba ka ya ga dacewarsu.

Rage nauyi kuwa yana ɗaga sinadarin, kuma gwargwadon ragin gwargwadon hawan. Da aka tattara bincike-bincike da dama a 2013, an ga cewa rage abinci yana ƙara wajen 80 ng/dL a matsakaici, tiyatar rage ƙiba kuma, wadda take zubar da nauyi mai yawa, tana ƙara wajen 250. Ɗan ragi yana ɗaga jimilla ne ta hanyar farfaɗo da SHBG, amma sakakken ya fi motsawa idan ragin ya kai wajen kashi 15 cikin 100 na nauyin mutum, wanda a wurinka yake nufin saukowa kusa da kilo 88. Game da ƙarfin gaba kuma, ya kamata ka sani cewa miƙewa ta fi dogara da lafiyar jijiyoyin jini fiye da testosteron, kuma rauninta sau da yawa shi ne gargaɗin farko na ciwon suga ko ciwon zuciya. A birnin Nafoli na Italiya an bi maza masu ƙiba 110 da ke da wannan rauni tsawon shekara biyu, kuma kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka sa su rage abinci da motsa jiki sun dawo daidai ba da wani magani ba. A wajenmu an fi ɗora laifin a kan basir ko sanyi, a yi ta shan jiƙo da tsimi, alhali basir ba ya hana miƙewa, kuma hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano cewa wasu haɗe-haɗen ƙarfin maza da ake cewa na itatuwa ne an zuba musu sildenafil, maganin ƙarfin gaba na asibiti, a ɓoye, wanda yake da haɗari ga mai shan wasu magungunan zuciya.

Ka ari tef ɗin tela ka auna cikinka daidai wajen cibiya, a tsaye, bayan ka saki numfashi. Daga santimita 94 haɗari yake farawa ga namiji, daga 102 kuma ya yi tsanani, kuma abin da ake so shi ne kada awon ya kai rabin tsayin mutum, wato 86 a wurinka. Wannan awon ya fi sikeli faɗa maka gaskiya, domin kitsen da yake ɓarnar shi yake aunawa. Ka fara da abin sha kafin abin ci, saboda robar lemo ɗaya ta santilita 50 takan ɗauki wajen giram 50 na sukari, kimanin ƙaramin cokali goma sha biyu, ga kuma shayin safe da na dare mai madarar gwangwani, da fura ko kunu da aka cika wa sukari. Bayan haka ka rage malmalar tuwo da tulin shinkafa da taliya da burodi, ka yawaita miyar ganye da wake da kifi da ƙwai, ka kuma daina cin abinci mai nauyi daf da kwanciya. Tafiya mai sauri ta minti talatin sau biyar a mako ta cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, amma ka haɗa da motsa jiki mai ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, domin mai rage abinci ba ya motsi tsoka yake zubarwa tare da kitse, ita kuwa tsoka ita ce kasuwar da sukarin jini yake ƙarewa a cikinta.

Rabin kilo a mako ya isa, kuma a wannan tafiyar kilo goma na farko za su ɗauke ka wajen wata biyar. Idan bayanin maiɗakinka ya nuna numfashinka yana ɗaukewa cikin barci, ka faɗa wa likita tun a zuwan farko, domin wannan yana da nasa gwajin da nasa maganin, kuma yana cikin abubuwan da testosteron yake iya tsanantawa. Ka yi gwajin safe sau biyu yanzu tare da sauran da na lissafa, ka ƙara da gwajin maniyyi tunda haihuwa kuke nema, ka adana takardun, sannan a maimaita testosteron da SHBG bayan wata shida a ɗakin gwajin da aka yi na farko, da safe, kafin ka karya kumallo.